Tarihin Man Fetur da Amfaninsa: Daga Kwaltar Babila zuwa Matatar Lekki

Tun kafin a san mota ko inji, ɗan Adam ya san wani baƙin ruwa mai danƙo da wari da ke tsattsafowa daga ƙasa a wasu wurare. Masana ilimin ƙasa sun ce asalinsa ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce, suka kwanta a ƙasan teku, laka ta binne su, zafi da nauyin duwatsu suka dafa su har suka rikiɗe suka zama mai da iskar gas. Inda dutsen da ya danne su ya tsage, sai man ya bi tsagar ya fito fili. Rana takan ƙone mai ruwa-ruwan ta bar mai kaurin, wato kwalta, kuma da ita aka fara cin moriyar wannan arziki.

Zamanin kwalta

A bakin kogin Furatu, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, akwai garin Hit, wanda kwalta ke ɓuɓɓugowa a gefensa har gobe. Masu tonon kayan tarihi sun samu gine-gine da magudanan ruwa da kwanduna da aka dalaye da kwalta a kufan birnin Ur, wasunsu sun haura shekara 4,000. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa da kwalta mai zafi aka ɗaure tubalin ganuwar Babila, kuma daga Hit ake ɗauko ta. Masu fito a kogin Dijla sun ci gaba da shafa ta a jikin kwale-kwalensu masu siffar kwando har cikin ƙarni na 20. A Attaurar da ke hannun Yahudu da Nasara an ce da kwalta aka shafe jirgin Annabi Nuhu (AS) ciki da waje, haka ma akwatin da aka saka Annabi Musa (AS) yana jariri. Wannan ruwayar littafinsu ce, amma tana nuna yadda mutanen yankin suka ɗauki kwalta a matsayin maganin yoyo. A tekun gishirin da ke tsakanin Falasɗinu da Jodan kuwa, curi-curi take tasowa saman ruwa, Larabawan Nabaɗawa su tsamo su sayar wa Masarawa, waɗanda ke haɗa ta cikin kayan adana gawa.

A ƙasar Sin ana cewa tun shekara ta 347 Miladiyya aka haƙa rijiyoyin mai da gorar bambu. Abin da ya fi tabbata shi ne masu dafa gishiri na yankin Sichuan sun daɗe suna jan iskar gas ta cikin gora zuwa ƙarƙashin tukwanensu, sannan a 1088 wani malami mai suna Shen Kuo ya rubuta yadda ya haɗa tawada da baƙin hayaƙin ɗanyen mai.

Daga 672: wutar yaƙi da tukunyar ar-Razi

Wajajen 672 wani magini mai suna Kallinikos, da ya gudo daga Sham, ya kai wa sarkin Rumawa na Kustantiniyya wani haɗi da ake fesawa ta bututu, yana ci bal-bal ko a kan ruwa. Rumawa sun ɓoye sirrinsa har ya ɓace, amma akasarin masana na ganin ɗanyen mai ne ginshiƙinsa. Da shi suka ƙone jiragen Banu Umayya da suka kewaye birnin a 717 zuwa 718. Musulmi ma ba su daɗe ba suka naƙalci aikin. A zamanin Abbasiyawa akwai rundunar masu jifa da tukwanen mai, ana kiran su naffaɗun. A 1168 waziri Shawar ya sa aka banka wa birnin Fusɗaɗ na Masar wuta don kada ya faɗa hannun mayaƙan Salibiyya. Al-Maƙrizi, wanda ya zo bayan fiye da shekara 200, ya ruwaito cewa tukunya 20,000 aka zuba, wuta ta yi kwana 54 tana ci. Adadin na mai ruwaya ne, ƙonewar birnin kuwa ta tabbata.

A ganina, abin da ya fi duk wannan muhimmanci ya faru ne a ɗakin binciken wani likita, Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya ar-Razi, mutumin Rayyi ta Farisa, wanda ya rasu wajajen 925. A cikin Kitabul Asrar ya bayyana yadda ake zuba baƙin mai a tukunya a hura mata wuta, tururin ya bi ta wani dogon hanci mai sanyi, ya ɗigo fari tas a ɗaya gefen. Dalili kuwa, ɗanyen mai tarkace ne na sinadarai barkatai, kowanne da zafin da yake tashi, mara nauyi ya riga mai nauyi. Duk matatar da ke duniya yau, komai girmanta, a kan wannan ƙa'ida take aiki: iskar gas da fetur su fita ta ƙololuwar hasumiya, kananzir da dizal ta tsakiya, baƙin mai da kwalta su kwanta a gindi. Ana yawan faɗar cewa an shimfiɗa wa titunan Bagadaza kwalta tun ƙarni na 8, sai dai wannan zance ne da ake ta maimaitawa, bai kai ƙarfin rubutun ar-Razi ba.

Marubuci Al-Mas'udi ya ambaci man garin Baku a ƙarni na 10. Marco Polo, a ƙarshen ƙarni na 13, ya ba da labarin wata maɓuɓɓuga a wannan yankin da fatake ke zuwa ɗiba daga nesa. Ya ce man ba ya ciwuwa, amma yana kunna fitila, ana kuma shafa wa raƙuma masu kirci. Duk da haka amfanin bai yaɗu ba, domin abin da ƙasa ta tsattsafo ko aka kwarfo a rami da guga shi kaɗai ake samu, a salka ake ɗaukarsa, kuma nisan da raƙumi zai kai shi ne iyakar kasuwarsa.

1846 zuwa 1900: zamanin kananzir

Duhun dare ne ya tayar da masana'antar mai. A farkon ƙarni na 19 biranen Turai da Amurka sun cika, masaƙu na so a yi aiki har dare, injuna na buƙatar abin da zai hana ƙarfe cin ƙarfe. Man da ya fi haske a lokacin daga kitsen wel ake narko shi, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku mai kama da kifi da ta ninka giwa girma. Da aka matsa masa da farauta sai ya yi ƙaranci, kuɗin mansa ya fi ƙarfin talaka.

Mutane da yawa suka shiga nema, kowa a garinsu. A 1846 Abraham Gesner, likita ɗan Kanada, ya nuna man fitila da ya tatso daga kwal, shi ne kuma ya raɗa wa kananzir suna. A shekarar ce aka haƙa rijiya da inji a Bibi-Heybat kusa da Baku. A 1853 wani mai haɗa magunguna ɗan Polan, Ignacy Lukasiewicz, ya tace ɗanyen mai, aka ƙera masa fitilar da ta dace da shi, kuma a daren 31 ga Yuli na shekarar aka yi wa wani majiyyaci tiyatar gaggawa da haskenta a asibitin birnin Lwow. Amma rijiyar da ta buɗe ƙofa ita ce ta Edwin Drake a Titusville, jihar Pennsylvania ta Amurka. Dabararsa ita ce kafa bututun ƙarfe a ƙasa don kada ramin ya rufta, sannan a yi haƙan ta cikinsa. Ranar 27 ga Agusta, 1859, a zurfin mita 21, mai ya taso.

Nan take jama'a suka yi wa wurin caa. Aka rasa mazubi, har gangunan giya aka kwaso, daga baya aka tsayar da ganga a kan galan 42 na Amurka, wato lita 159, mudun da duniya ke awo da shi har yau. Haƙa ta yi yawa, ganga ta faɗo daga dala 10 a watan Janairun 1861 zuwa santi 10 a ƙarshen shekarar. Masu rijiya da dama suka karye.

Wani matashin akawu a Cleveland, John D. Rockefeller, ya dubi wannan rububi ya gane inda ribar take. Bai damu da mallakar rijiya ba, ya kama matata da hanyar sufuri, domin duk mai rijiya dole ya biyo ta nan. Ya kafa Standard Oil a 1870, ya ƙulla yarjejeniyar ragin kuɗin dako a asirce da kamfanonin jirgin ƙasa, ya saye abokan gasa, wanda ya ƙi ya karya masa farashi har ya durƙusa. Kafin 1880 kusan kashi 90 cikin 100 na man da ake tacewa a Amurka a hannunsa yake. Hanyoyinsa sun cutar da mutane da yawa, 'yar jarida Ida Tarbell ta tona su a 1904, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta raba kamfanin gida 34 a 1911. Amma abin da ya hango gaskiya ne, mai tacewa shi ke da iko a kan mai rijiya, kuma za mu sake cin karo da wannan batu a kusa da gida.

A wannan zamani kananzir ne sarki. Fetur kuwa fitina ce ga masu matata, saboda saurin kama wutarsa. Idan ya gauraya da kananzir sai fitila ta fashe a ɗaka, don haka wasu a kogi suke tuttular da shi. Sauran dattin ma an yi ta samo masa aiki. Robert Chesebrough ya ga leburori na shafa wa ƙuna da yanka wani maiƙo da ke daskarewa a jikin sandunan famfon rijiya, ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872 da sunan Vaseline, basilin ɗin da uwa ke murza wa yaro a ƙafa da leɓe idan hunturu ya kama. Kakin mai ya zama kyandir, mai kaurin ya zama giris da baƙin man inji.

A Baku, 'yan'uwan Alfred Nobel sun saka jirgin dakon mai na farko mai suna Zoroaster a ruwa a 1878. A 1892 Marcus Samuel na Landan ya ratsa mashigin Suwez da jirginsa Murex cike da kananzir ɗin Rasha zuwa Asiya. Kamfaninsa Shell ya haɗe da Royal Dutch na Holan a 1907.

Ƙasar Hausa ta daɗe da fitilarta ta kasko ko ta ƙarfe, a zuba man gyaɗa ko man kaɗe, a murza auduga a yi lagwani, almajirai kuma su yi karatun dare a gaban wutar kara. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kananzir ya yawaita a kantunan Turawa, cikin garwa mai galan huɗu, bibbiyu a akwatin katako. Daga nan fitilar ƙwai ta shiga gidaje. Da la'asar sakaliya yarinya za ta ɗaga ƙwan ta zare shi a hankali, ta goge baƙin hayaƙin jiya da tsumma, ta datse bakin lagwani, ta ɗura kananzir daga kwalba da mazurari. Wanda bai da halin fitilar ƙwai sai a ƙera masa acibalbal da gwangwanin madara, irin wadda ke ci a teburin mai tsire da mai shayi. Risho ya biyo baya, ya zama cikin kayan ɗakin amarya a birni. Ita kanta garwar ba a yar da ita ba, da ita 'yan ga-ruwa suka riƙa kai ruwa gida-gida, da ita ake auna man gyaɗa da manja a kasuwa.

1886 zuwa 1945: mota, jirgi da yaƙi

Ƙwan lantarkin Thomas Edison na 1879 ya so ya kashe kasuwar kananzir a manyan birane, sai ga inji ya ceci masu mai. Karl Benz ya yi wa motarsa rajista a Jamus a 1886. Lokacin da matarsa Bertha ta yi doguwar tafiyar farko da ita a 1888, a shagon mai magani na garin Wiesloch ta sayi man da ta ƙara, domin babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Injin Rudolf Diesel ya yi aiki a 1897, jirgin saman 'yan'uwan Wright ya tashi a 1903, Henry Ford ya fitar da Model T a 1908, motar da aka ƙera fiye da miliyan 15. Wajajen 1910 cinikin fetur ya zarce na kananzir a Amurka. Abin da ake zubarwa a kogi ya dawo shi ne abin nema, har ya gaza, sai a 1913 William Burton ya samo hanyar fasa mai nauyi da zafi da matsi don ƙaro fetur daga kowace ganga. Rijiyar Spindletop ta Texas, wadda ta ɓarke ranar 10 ga Janairu, 1901, tana fesa kusan ganga 100,000 a rana, ta nuna akwai man da zai ɗauki wannan nauyi.

Daga nan mai ya shiga lissafin masu mulki. An same shi a Masjid Sulaiman ta Farisa a watan Mayun 1908. Winston Churchill, da ya zama shugaban ma'aikatar sojan ruwan Ingila a 1911, ya matsa a mayar da jiragen yaƙi daga kwal zuwa mai, saboda sun fi gudu kuma ba su buƙatar ɗaruruwan masu zuba kwal da shebur. Ingila na da kwal amma ba ta da mai, shi ya sa a 1914 gwamnatinta ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin Anglo-Persian, kakan BP na yau. Wannan shawara ita ce ta ɗaure ƙafar Turawa a Gabas ta Tsakiya. Kirkuk ta ba da mai a 1927, Bahrain a 1932. A Saudiyya, Sarki Abdul'aziz ya ba wani kamfanin Amurka izinin nema a 1933, aka yi ta haƙa ba sa'a har rijiya ta bakwai a Dammam ta kawo ranar 3 ga Maris, 1938.

Yaƙin Duniya na Biyu kusan a kan tankin mai aka yanke shi. Amurka ta hana Japan mai a tsakiyar 1941, a watan Disamba Japan ta kai hari Pearl Harbor, ta kuma nufi rijiyoyin tsibiran Indonesiya. Hitler ya tura runduna neman Baku a 1942, ba su kai ba. An ƙiyasta cewa cikin ganga biliyan 7 da Ingila da ƙawayenta suka ƙone a yaƙin, biliyan 6 daga Amurka suka fito.

Daga 1920: roba, yadi da taki

A 1920 Standard Oil ta New Jersey ta fara sarrafa iskar da matata ke fitarwa zuwa wani sinadarin barasar masana'antu. Wannan ne mafarin wani sabon amfani, inda ba ƙone man ake yi ba, ƙera kaya ake yi da shi. A 1933 masu bincike na kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da robar da ake yin leda da jarka, a 1935 aka haɗa nailan a kamfanin DuPont, a 1941 aka samo zaren foliyesta a Manchesta. Da Japan ta mamaye gonakin itacen roba na Malaya, Amurka ta koma haɗa robar taya daga mai cikin gaggawa. Ledar zuba kaya da muka sani wani injiniya ɗan Suwidin ne, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, aka yi mata rajista a 1965. Robar da duniya ke yi a shekara ta tashi daga tan miliyan 2 a 1950 zuwa tan miliyan 460 a 2019.

Mai karatu ya dubi tsakar gidansu da asuba. Butar alwala, tabarmar salla, silifan shiga banɗaki, bokiti da jarka, gidan sauro, katifa, hijabi da yadin makaranta, omon wanki, fentin bango, duk jikokin ɗanyen mai ne ko iskar gas. A asibiti ma haka, sirinji da safar hannu da ledar ƙarin ruwa, waɗanda arharsu ta sa ake amfani da su sau ɗaya a yar, sun hana cututtuka masu yawa yaɗuwa. Na fi jinjina wa takin zamani. Fritz Haber ya haɗa sinadarin amoniya daga iska a 1909, Carl Bosch ya mayar da shi aikin masana'anta a 1913. Da kwal aka fara, yanzu galibi da iskar gas ake yi, daga nan ake samun buhun yuriya da manomin masara ke jira. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da abincin da irin wannan taki ya noma suke rayuwa.

Ribar ta zo da asara. Roba ta ture ƙwarya da tulu da faifai da adudu, masu sana'arsu suka ragu. Abin da ake sake sarrafawa cikin sharar roba bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, sauran na toshe kwata da damina, mahauta na ciro ta dunƙule a tumbin akuya. Dalmar da aka fara zuba wa fetur a shekarun 1920 don injin ya yi laushi ta lalata ƙwaƙwalwar yara ba adadi, kuma sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da irinsa. Hayaƙin ganga kusan miliyan 100 da duniya ke sha kullum na cikin manyan dalilan ɗumamar yanayi, wanda mutanen bakin Sahara ke ji a jikinsu.

1951 zuwa yau: masu rijiya sun farka

Shekaru da yawa manyan kamfanonin Turai da Amurka guda bakwai ke yanka farashi, masu ƙasa su karɓi ɗan abin da aka yaga musu. Firaministan Iran Muhammad Musaddaƙ ya ƙwace man ƙasarsa a 1951, Ingila da Amurka suka haɗa baki aka kifar da shi a 1953. A watan Satumbar 1960 Iran, Iraƙi, Kuwaiti, Saudiyya da Benezuwela suka kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a Bagadaza. A yaƙin Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa, da goyon bayan Sarki Faisal na Saudiyya, suka hana masu mara wa Isra'ila baya mai, ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni.

A Nijeriya an fara nema tun 1908 a yankin Araromi ta jihar Ondo ta yau, Yaƙin Duniya na Farko ya katse aikin. Shell-BP ta samu mai a Oloibiri, jihar Bayelsa ta yau, a 1956, aka fara fitarwa a 1958 da ganga 5,100 a rana. Matatar Fatakwal ta soma aiki a 1965, ƙasar ta shiga OPEC a 1971, aka kafa kamfanin mai na ƙasa NNPC a 1977, matatar Warri ta zo a 1978, ta Kaduna a 1980, ta biyu a Fatakwal a 1989, jimillar ƙarfinsu ganga 445,000 a rana. Ta Kaduna an gina ta ne da sashen baƙin man inji da kaki da kwalta, har da wurin ƙera duro da gwangwani, wato an yi niyyar a ci amfanin ganga tun daga sama har gindi. Kuɗin da tashin farashin mai na 1973 ya kawo ya gina hanyoyi da jami'o'i da madatsun ruwa, ya kuma kawo ƙarin albashin Udoji a 1974. A daidai lokacin ne fari da cutar gyaɗa ta 1975 da guduwar matasa zuwa birni suka haɗu suka share dalar gyaɗa daga Kano.

Mutanen da aka haƙa man a ƙasarsu sun biya da ruwan shansu da kifinsu. An rataye ɗan gwagwarmayar Ogoni Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Gobarar bututu a Jesse ta ci fiye da mutum 1,000 a 1998. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu suna kwasar fetur daga tankar da ta kife. Allah Ya jiƙansu.

Matatun gwamnati kuwa rashin gyara da rashin amana suka kwantar da su, har ta kai a 2020 babu wadda ke tace ko ganga ɗaya. Ƙasar da ke kan gaba a Afirka wajen haƙo mai ta koma sayar da ɗanye tana sayo tatacce, kamar manomin da ya sayar da gyaɗarsa a gona ya dawo yana sayen mai da ƙuli-ƙuli da tsada. Daga nan dogon layi a gidan mai da 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi suka samo asali, daga nan kuma tallafin mai ya zama rami mai cin kuɗi. Da aka cire shi a Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗauki zanga-zanga har aka sassauta. Da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshensa ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta bar ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ɗan acaɓa da mai a-daidaita-sahu, mai injin niƙa da manomin rani mai injin ban ruwa, tela mai janareto, kowa ya ji a aljihunsa, domin inda lantarki ba ya tsayawa fetur da dizal su ne wuta.

Maƙwabta sun shigo sahu daga baya. Chadi ta fara tura man Doba ta bututun da ya ratsa Kamaru zuwa Kribi a 2003, Ghana ta fara haƙowa sosai a ƙarshen 2010. Nijar ta fara da matata, wadda aka buɗe kusa da Damagaram a watan Nuwambar 2011 tare da kamfanin CNPC na Sin, tana tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Jamhuriyar Benin sai a 2024 ya fara kai ɗanyen mai jirgi. A Arewacin Nijeriya an ƙaddamar da aikin Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwambar 2022. A Lekki ta Legas kuma Aliko Ɗangote ya buɗe masana'antar takin yuriya mai tan miliyan 3 a shekara a 2022, sannan matatarsa mai ganga 650,000 a rana ta fara ba da dizal da man jirgin sama a farkon 2024, fetur a watan Satumba.

Akwai aikin da ya rage, kuma ya daɗe yana jira. Iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen mai har yanzu ana cinna mata wuta a sararin Neja Delta dare da rana, alhali dokar 1979 ta sanya 1 ga Janairu, 1984 a matsayin ranar dainawa. Alƙaluman Bankin Duniya na ci gaba da saka Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi wannan ɓarna. A ɗaya gefen, litar kananzir ta haura naira 1,000 tun ƙarshen 2022, risho ya koma ƙarƙashin gado, mata sun koma ga itace da gawayi, hayaƙi na cin idonsu da ƙirjinsu, dazuzzukan Arewa na ƙarewa a bayan manyan motoci. Ya wajaba gwamnati da kamfanonin mai su kashe waccan wutar, su ɗura gas ɗin a tukwane, su kai shi kasuwannin ƙauye a kan kuɗin da mai sayen itacen naira ɗari biyu za ta iya biya.